Taƙi Ɗaya

Bindigar Kawu Barmo ta fi ni tsayi
shekarar da na yi famfara.
In ya saɓa ta, hancinta ne a gaba,
kamar zalɓe ya miƙa wuya a fadamar Miga.
Da ita yake kakkaɓo dinya daga sama,
taki hamsin, wani zubin har da ɗoriya.

Sai sanyin fadama ya shiga gwiwa,
ya ƙi fita.
Ya ce, "Na bar wa yara ruwa,
zan koma kurmi, wajen fakara da zomo."
Ashe sarƙaƙiya ba ta san babba ba:
ƙaya ta cafke hanci, geza ta riƙe,
kafin ya juyo da ƙarfen nan
fakara ta kai Auyo.

Ran kasuwa muka je wa Tanimu maƙeri,
ni ke rungume da ita cikin buhu.
Kawu ya buɗe yatsu a kan ƙarfe.
"Taƙi ɗaya. Rage min."

Tanimu bai daina zuga ba.
"Barmo, kana zaton tsawon ke kai dalma nesa?
Albarushi ya gama cinsa tun a rabin hanya.
Sa ɗan yatsanka nan."
Kawu ya sa.
"Ka ji inda ta tsuke, kamar wuyan gora?
Nan ake ce wa ƙwayoyi: ku tafi tare.
In na yanke, kowace sai ta kama gabanta,
kamar 'yan kasuwa in hadari ya taso."

Kawu ya dubi gwiwarsa, ya dubi ƙarfe.
"Na ji. Yanke."

Zarto ya daɗe yana kuka.
Da guntun ya faɗi a toka
na ɗauka, ya ƙona ni, ban saki ba.

Washegari muka rataya tsohuwar tabarma
a jikin kukar bayan gari.
Da can, daga taki arba'in,
faifai ɗaya kan rufe duk hudar.
Ranar kuwa, da ya ja kunama,
ƙarar ta zauna mini a kunne har azahar.
Na ruga na ƙirga: huda goma sha ɗaya,
nan ɗaya, can ɗaya,
dinya za ta ratsa tsakani ba ta rasa gashi ba.
Ya matso, taki goma sha biyar.
Tabarma ta zama rariya.
Ya yi dariya, har na ga giɓinsa.

Kakar bana da ta baɗi mun ci fakara.
Bindiga ta yi sauƙi,
tana hawa kafaɗa kafin tunani ya gama zuwa,
ƙaya ta rasa abin kamawa.
Gwaggo Tasalla har ta gaji da fiɗa.

Amma wata yamma, muna dawowa ta gefen shinkafa,
ga dinya, jeri guda, ƙasa-ƙasa,
ana jin fukafukinsu.
Hannu ya riga shi.
Ya ɗaga, ya bi su,
sai hancin ya yi ta rawa,
babu nauyin da zai ja shi a hankali,
babu dogon layin da ido ya saba bi.
Ya riƙe.
Ya riƙe har suka shige ja-jan yamma.
Sannan ya sauke, ya goge bakinta da hula.
"Waɗannan ba nawa ba ne yanzu."
Bai ƙara magana ba har gida.

Guntun yana nan.
Gwaggo na hura wuta da shi in itace ya jiƙe.
In ta ajiye, nakan ɗauka,
in kanga a ido, in dubi sama ta tsukakken bakin.
Ɗan zagaye ne, bai fi kwabo ba,
amma lokacin kaka, in ka yi haƙuri,
dinya kan ratsa ta ciki,
duk a tare.