Babin Ƙarshe Yana Cikin Iska

A tsibirinmu na Katanduwanis,
inda guguwa ke fara yada zango,
Malam Isagani bai taɓa cewa "ku koyi rediyo" ba.
Ya san hali: da mun watse kamar kifin da aka jefa wa dutse.

Sai ya rubuta labari a bayan takardun jarrabawa:
wata yarinya, kwalekwale ya ɓalle da ita,
daga ita sai batir ɗaya, da akwatin magana,
da ruwa rabin kwalba.
Daidai inda igiyar ruwa ta miƙe tsaye
ya ninke takarda, ya cusa a aljihu.
"Ragowar daren Asabar, ta iska.
Mai son ji ya ƙera kunne."

Tsoho mai wayo!
Ni da Dalisay muka kwana naɗa tagulla a jikin gora,
muka rataya eriya a kan kwakwa.
Dalma ta ƙone ni, ga tabon.
Muka jiyo shi, can ƙasa-ƙasa, cikin shuu.
Kafin shekara, mu ma muna mayar da magana.

Ranar da teku ta shigo gari
turakun lantarki suka durƙusa,
wayoyin hannu suka kurumce.
Batirinmu na ƙunshe a leda, yadda yarinyar ta yi da nata.
Dalisay ta riƙe fitila. Hannuna na rawa.
Kira bakwai, shiru.
A na takwas wata murya:
"Ina jin ki. Ku nawa ne?"

Na juya, na fara ƙirga mu.