Buhu Tara

Ni ce mai dama kunu a makarantar bakin tafki,
can gefen Nkhotakota, inda ake shanya usipa a kan gadajen kara.
Sunana Nachisale. Ban iya karatu ba,
amma tukunya ba ta taɓa yi mini ƙarya ba:
ludayi ɗari biyu da sha huɗu, in gari ya cika.
Ran Laraba ludayi ya taɓo gindi
da sauran yara talatin a layi, kowa da kofinsa.

Tadala ce ta ƙarshe.
Ta leƙa, ta ce, "Mama, ko ƙanzo ne."
Na kankare mata.
Ƙarar cokalin nan ta bi ni gida, ta kwana a kunnena.

Takarda ta ce buhu arba'in.
Ni kuwa duk buhun da aka sauke
ina jefa tsakuwa ɗaya a tsohon gwangwani.
Na zazzage a zanina: talatin da ɗaya.
Tsakuwa ba ta da ɗan'uwa a ofis.

Muka taru a gindin mangwaro,
masunta da ƙarnin taru a jikinsu,
mata da goyo, malami Kalua da alli a aljihu,
mfumu a kujerarsa da aka tokare da dutse.
Kansila Bwanali ya iso a babur, fuska a murtuke.
"Wa ya ce ni ɓarawo ne?"
Na ce, "Ba wanda ya ce.
Ga hannunka a takarda, ga tsakuwata a ƙasa.
A cikinku akwai wanda bai ƙirga ba."

Shiru,
har muna jin ruwa yana marin cikin kwalekwale.

Ya daɗe yana kallon takalminsa.
"Ran nan ana ruwa," in ji shi.
"A cikin mota na sa hannu. Ban sauko ba."
Ban taɓa jin babba ya sauke kaya haka a gaban yara ba.
Mfumu ya ce, "To, yanzu ka sauko."

Washegari ya goya ni a babur zuwa ma'ajin gunduma.
Mai makulli ya ce mu dawo gobe.
Goben ta haifi gobe.
Rana ta uku Bwanali ya zauna a bakin ƙofa,
muka raba gasasshen rogo, ya ce nan za mu kwana.
Kafin la'asar buhu shida suka tuna hanyarsu.
Sauran ukun, wai ɓera ya ci.
Ɓera mai ɗaukar buhu a ka!

Yanzu akwai baƙin fenti a bangon makaranta.
In mota ta zo, yara ke ƙirgawa da ƙarfi,
Tadala ta hau benci ta rubuta,
kansila ya sa hannu a ƙasan rubutun yarinya,
ko ana ruwa.

Da baki ya buɗe, sai wasu maganganun suka biyo:
yaran da ke riƙe fitila a jirgi har asuba
su zo aji suna gyangyaɗi.
Mfumu ya hana. Masunta suka yi gunaguni wata guda,
biyu har yau ba sa gaishe ni.
Rufin aji na uku yana nan yana yoyo;
mun rubuta shi a bango, da ranar alkawari.

Ni dai ina dama kununa.
Tsakuwa uku na ƙulle a bakin zani,
duk taro in kwance, in jera su a tebur.
Bwanali ya ce, "Mama, har yanzu?"
Na ce, "Har yanzu."
Ya ɗauki biro.