Walda a Ƙarƙashin Maiko

A rumbun ciyawar Remei na same shi,
can bayan Camprodon, inda kwalta ke sallama da mota.
Kaza ta yi ƙwai a kan sirdinsa,
sirdin da bai fi tafin hannu biyu ba.
Ta ce, "Na Fermí ne. Tun ran da ya kwanta bai tashi ba,
wannan ma bai sake ko tari ba.
Ba ni abin da ya sauwaƙa, Queralt,
amma kada ki tambaye ni sunansa."

Babu takarda. Tankin ya sha shuɗin fenti
irin na ƙofar gida, har da sawun burushi.
Na kankare wuyansa da bakin wuƙa
ina neman lamba kamar mai kalar gyaɗa:
huɗu suka fito, biyu tsatsa ta cinye.
Lambar inji ta ce ita ba ta san su ba,
ba uwa ɗaya, ba shekara ɗaya.
Wani ya ce Bultaco ne, wani ya rantse ba shi ba ne.

Ranar Talata na tura shi garejin Narcís.
Muka baje kafireta a kan tsohuwar jarida.
Fetur ɗin da ya kwana shekara talatin
ya daskare kamar ƙaro, ya toshe hanya.
Ya hura, ya ɗaga ta saitin taga,
ya ce, "Ramin nan bai kai idon allura ba,
amma shi ne maƙogwaron dabbar."
Fulogi baƙi ƙirin, ya sha mai har ya gundure shi.
Wuta na zuwa, sai dai a makare,
kamar baƙon da ya iso an wanke kwanuka.
Takardar sigari ya zura tsakanin ƙarafan wuta,
yana ja, yana juyawa, har ta kuɓuce.
Ya ce nan ne.

A kik na sha ɗaya ya yi atishawa.
A na sha huɗu ya tashi, hayaƙi ya kori kyanwa.
Na murɗa mai don in ji kururuwa,
Narcís ya buge min hannu.
"Ba na tsere ba ne, yarinya.
Sauke shi ƙasa, ƙasa, har ki iya ƙirga bugunsa,
kamar zai mutu ya ƙi mutuwa.
A nan yake ajiye ƙarfin hawan dutse."
Kunnensa na hagu ya daɗe da ritaya,
sai ya kafa sukundireba a jikin inji,
ya danna ƙotar a muƙamuƙi, da ƙashi yake ji.
Ya ƙara wa iska rubu'in juyi,
ya yi tsaki, ya karɓe rabin abin da ya bayar.

Yana goge maiko ƙasan matakin dama
yatsansa ya tsaya.
Walda ce, mummuna, kamar tabon ƙuna.
Injin na ta bugu, shi bai ce komai ba.
Can ya ce, "Aikina ne. Ina ɗan sha tara.
Fermí ya karya shi a rafi, jajibirin gasa,
na kwana ina ɗinke masa.
Washegari ya kayar da ni da maki ɗaya:
na dafa ƙasa da ƙafa, shi bai dafa ba.
Injin ma nawa ne.
Na kai masa a baro ran da gwiwa ta ce ya isa."

Lahadi muka gangara rafin da ke faɗawa Ter.
Na miƙe tsaye a kan matakai, giya ta ɗaya,
duwatsu masu gansakuka suna jirana.
Sau uku na sa ƙafa, ruwa ya cika min takalmi,
Narcís a gaɓa yana ɗaga yatsu, ba ya rage ko ɗaya.
Injin dai bai mutu ba.

Takardar rajista na kan teburina tun makon jiya.
Na cike launi, na cike nauyi.
Gurbin suna har yanzu fari ne.