Shuni a Haƙori

Bayan kasuwar Dole injin niƙan Mato ke kuka,
ba kukan aiki ba,
wani siririn ihu mai shiga ta ƙeya.
Shekara uku Gaji mai waina na ciniki da yatsu,
don ba a jin dala, ba a jin goma.

An ƙara mai. An sake bel. An tofa addu'a.

Ran Laraba muka kwance pinyo biyu,
na wanke su da gazuwal.
Mato ya aike ni marina
in roƙo shuni a gwangwanin tumatir.
Ya shafa wa haƙoran na sama,
ya haɗa su, ya juya da hannu sau uku.
Na ƙasa ya fito da shaida:
shuɗi a tsini kawai, can gefe,
tsakiya fari fat.

Ya ce, ka gani?
Da goshi suke gaisawa.
Kowane haƙori faɗo wa ɗan'uwansa yake
babu sallama.

Kwana huɗu yana bin su da dutsen washi.
Ya rage tsini kamar kaurin gashi,
ya kwantar da gefe,
ya bar wa tsakiya ɗan tumbi
yadda nauyi zai sauka inda ƙarfe ya fi ƙarfi.
Haƙori talatin da bakwai.
Na ashirin da ɗaya ya ci masa babban yatsa,
ya ɗaure da tsumma ya ci gaba.
Ni aikina shafa shuni da riƙe fitila.
Kullum shuɗin na matsowa ciki,
har ya zauna daram kamar ƙwayar dabino.

Ran Lahadi aka tayar.
Mato, da ihun ya riga ya cinye masa kunnen hagu,
ya zaci bai kama ba.
Sai da ya ɗora sukundireba a murfi,
ya kafa ƙotar a muƙamuƙinsa,
ya rufe ido.

Na ji gero na zuba.
Ban taɓa sanin yana da murya ba.

Amma har azahar ba ƙwarya ko ɗaya.
Matan Zango sun saurara daga gida,
suka ce Mato bai buɗe ba,
suka wuce da hatsinsu Sabon Gari.

Da la'asar Gaji ta leƙo, hannunta duk ƙullu.
Ta ce, a hankali, cikin muryar da na manta,
ashe ana bin ku dala sittin.