Tsibiri

Ƙamus biyu gare Baba Shekari,
ɗaya gara ta cinye bangonsa.
Ya ce wurin Bature, sai ruwa ya yi wa ƙasa zobe
kafin ta ci sunan tsibiri.
Ibraniyawan da ba su tsananta haka ba:
duk gaɓar da ke can ƙetare,
wadda sai an haye ake taka ta,
sunanta ke nan.

Da la'asar na baro Kakuri, na tsaya kan gada.
Ruwa ya janye, duwatsu sun fito shan iska.
Can Tudun Wada Hashimu yake,
bencinmu ɗaya a firamare.
Kuɗin mota bai kai na goro ba.
Shekara tara rabona da shi.

Baba, ban ga kada ko ɗaya ba.
Wane ƙamus zan duba?