Mayen Ƙarfe

Shekara goma sha ɗaya ina awon riɗi
a kasuwar amfanin gona ta Gadarif,
ni Irmiya, baƙon da motar kaya ta sauke
don ya sha ruwa, ya zauna har furfura.

A bayan sikelina, inda ido ba ya kaiwa,
na liƙa wani ɗan mayen ƙarfe,
bai kai ƙwallon dabino ba.
Kowane buhu sai ya ci mudu.
Bai taɓa ƙoshi ba. Ni ma haka.

Ran Lahadi in sa farar jallabiya,
in zauna benci na uku a majami'ar kwano.
Mai wa'azi ya ce akwai ranar kwance bakin buhuna,
in ce amin da ƙarfi
har Koshe ta waiwayo.

Koshe, 'yar duwatsun Nuba,
mijinta yana ƙarƙashin baƙar ƙasa,
buhu shida take kawo mini duk kaka
a amalanken jakin aro.

Wanda ya noma riɗi ba ya musun shari'a.
In ya nuna, ba ya jiran mai gona ya shirya.
Ka makara da lauje, kwanso ya buɗe baki
ya zubar da duk abin da ya ɓoye tun damina.
Na san wannan.
Na zaci dai ni ba riɗi ba ne.

Sai saifa ta kumbura,
zazzaɓi yana zuwa da magariba kamar mai bin bashi.
A gadon asibiti, daren allura ta tara,
na ga an ɗora ni bisa faranti,
ni, ba buhu ba.
Mai awon bai daka tsawa ba.
Tafin hannunsa a huje yake,
haske na bi ta wurin,
kuma babu inda maye zai kama a sikelinsa.
Na lalubi amin ɗina in ƙara nauyi,
duka ba su kai ƙaiƙayi ba.

Da safe ga Koshe da kwanon kunu,
da zoɓo a gorar roba.
Na ce, uwata, ajiye, ki ji abin da na yi.
Ta ce, tun shekarar fāri na sani,
ina aunawa a gida kafin in fito.
Na ce, to me ya kawo ki?
Ta gyara mayafi, ta dubi ƙafafuna da suka rame.
An biya mini wanda buhu ba ya ɗauka, in ji ta,
ranar da aka rataye Almasihu tsakanin ire-irenka biyu,
ɗaya kuwa ya kwana a gida.
Sha, kafin ya huce.

Na sha. Da ɗaci ya wuce maƙogwaro,
ko da yake ta sa sukari.

Da na miƙe na sayar da kekena da rediyo.
Mudu sittin da shida na Koshe,
ta ƙirga da kanta, ba ta rage mini ko ɗaya ba.
Na Tiya, na Abraha, na tsohon nan mai ido guda.
Sauran fa?
Wasu sun haye Habasha, wasu sun mutu,
wasu ban taɓa tambayar sunansu ba.
Wannan ragowar ita zan ɗauka a ka
zuwa ranar da ba a ɗagawa.

Tana tafe, kamar yadda gajimare
ke tasowa daga gabas ba da izinin kowa ba.
Ina tsoronta, ba zan ɓoye ba.
Amma na ga hannun da zai riƙe ma'aunin,
na kuma sha kunun Koshe.

Mayen yana nan a aljihuna.
Matata takan ara
in allurar ɗinkinta ta faɗi cikin yashi.