Ɗinkin Fiffike

Kakana Arzika tela ne a Tawa,
kekensa na gindin bedi, bakin kasuwa.
Shekarar da fara ta cinye hatsin Adar
aka zo da mota aka ɗauke shi,
shi da almakashinsa,
sai filin jirgi.

Ƙaramin jirgin feshi ya sauka a karkace,
ƙaya ta yage masa fiffike.
Da ya leƙa ta yagar
sai dariya ta ƙwace masa:
haƙarƙarin itace, siriri kamar na ɗan akuya,
an jera, an ɗaure da waya,
an sa masa riga.
"Ashe tufa ce ke tashi sama!"

Ya ɗinka. Allura doguwa kamar tsinken tsire,
ƙulli, yatsa huɗu, ƙulli.
Matuƙin ya shafa wani ruwa mai hawa kai,
kafin la'asar yadin ya ɗame.
Kaka ya ƙwanƙwasa da farce,
ya amsa masa kamar kalangu.

Yau ina Yamai, ina koyon gyaran jirgi.
Littafi ya ce na farko haka suke:
katako marar nauyi, yadin lilin,
waya a gicciye tana riƙe da fiffike biyu
kamar igiyar rumfa ranar iska.
Har mannensu daga nono aka fitar,
ɗan'uwan cukun da inna ke shanyawa.
Damina ta jiƙa shi, ya saki.
Rana ta ci yadin.
Mutane suka faɗo, aka binne su,
wasu suka koma kan zane.

Sai farin ƙarfe ya zo,
irin wanda ake narkarwa a kasuwar Katako
a zuba tukunya.
Shi nake shafawa kullum,
sanyi da asuba, wuta da azahar,
ƙusoshi a jere kamar sawun keken ɗinki.
Na ƙwanƙwasa, sai ƙarar kwano.

Kaka bai taɓa hawa jirgi ba.
Ya dai tsaya ran nan, hannu bisa goshi,
ɗinkinsa ya ɗaga ya nufi Abalak,
shi kuwa yana ƙirga ƙulli a zuci,
arba'in da bakwai,
yana roƙon kada ɗaya ya kunyata shi.

Allurar na cikin akwatina,
tsakanin sifana da filaya.
Jiya maigidana ya ɗaga ta, ya ce ta mece ce?
Na ce ta cire ƙaya.